In Ji Kaka

Zuwa ga Kawu,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, kai da aikin maɗaba'a. Mu ma lafiya lau. Tarin Umma ya tafi, sai dai idan ta daɗe a kan keken ɗinki bayanta yakan riƙe. Kaka tana nan yadda ka san ta, gwiwa ce kawai, da idon da ya fara yi mata dishi-dishi. Ta ce in gaishe ka, in kuma tambaye ka ko ka manta hanyar gida ne, a aiko maka da taswira.

Kada ka ji haushin shirun da nake yi maka a waya. Idan Umma ta miƙo mini, maganar tana nan a bakina, amma da na ji muryarka sai ta koma ciki. Shi ya sa na ga gara takarda. Direban babbar motar da ke kai kaya garinku ya ce zai riƙa kai maka.

Kawu, tun da ka gaya wa Umma kana rubutu a kundin ilimin nan na intanet, wanda kowa zai iya gyarawa, da sunan Jan Biro, nake ta tunaninsa. Idan na gama sa maɓallai a shago nakan je ɗakin karatu. Akwai kwamfuta ɗaya a kusa da taga, da fanka mai girgiza kai kamar ba ta yarda da komai ba. Malamar wurin ta buɗe mini suna. Na sa Kurciya, sunan da kake kira na.

Daga tagar ana hango hasumiyar tsohuwar tashar jirgin ƙasa. Sai na nemi shafinta, na kuwa same shi. Layi kaɗan ne, ba ko hoto. An rubuta wai agogon hasumiyar ya tsaya a shekarar da jirgi ya daina zuwa. Ai kai ka fi ni sanin ba haka ba ne, tunda mahaifinka ne. Ni ban taso na same shi ba, amma Kaka ta ba ni labarinsa har ina jin kamar na san ƙarar takalminsa. Sai na rubuta:

"Agogon bai tsaya a shekarar ba. Wani mutum da ake kira Mai Agogo ya ci gaba da hawa hasumiyar kowace safiya yana murɗa shi, ba wanda ya sa shi, har ƙafafunsa suka gaza. Yana son tattabarun da ke kwana a can sama. Idan zai sauko yakan yi fito, matarsa ta ji daga gida ta ɗora ruwan shayi."

A ƙasa akwai wurin da ake rubuta inda aka samo magana. Na ga wasu sun sa sunayen littattafai. Ni kuwa na rubuta: In ji Kaka.

Da na dawo na karanta mata a wayar Umma. Ta ce, "Yanzu har mutumin da ke bayan teku zai gani?" Na ce e. Ta ce, "Har da fiton?" Na ce har da shi. Ta ce, "Mutumin da ko hoton kirki bai bari ba, yau shi ne a littafin duniya."

Tun ranar, idan ina ɗinki sai in riƙa ganin kalmomin nan sun tashi daga tagar ɗakin karatu, sun zaga hasumiya, sun bi layin dogo sun tafi garuruwan da ban sani ba. Jiya har na soki yatsana.

Ka duba ka gaya mini ko na yi kuskuren rubutu.

'Yarka,
Kurciya


Zuwa ga Kawu,

Assalamu alaikum. Da fatan kana lafiya. Mu ma lafiya, sai gwiwar Kaka da ta ɗan kumbura, Umma tana gasa mata. Direba ya dawo ba amsa. Ya ce ya bar takardar a hannun mai gadin ƙofarku. Wataƙila aiki ne ya yi maka yawa.

Wani abu ya faru ban gane ba. Da na koma ɗakin karatu sai na ga an manna wasu ƙananan kalmomi a ƙarshen maganata: "ana buƙatar hujja". Na ɗauka ba su ga abin da na sa a ƙasa ba ne. Sai na ƙara bayani. Na rubuta: In ji Kaka, matarsa ce, tana nan da ranta, gida mai koren ƙofa a bayan tasha, kowa na iya zuwa ya tambaye ta, amma ban da lokacin barcin rana.

Da na sake komawa, babu komai. Ba Mai Agogo, ba tattabaru, ba shayi. Agogon ya koma ya tsaya a shekarar da jirgi ya daina zuwa. Na yi ta kallon wurin, kamar yadda ake kallon bango idan an cire madubi.

Malama ta ce komai yana da tarihi a kundin, ana iya ganin wanda ya taɓa shafi. Ta danna, ta nuna mini. Sunan da ke wurin Jan Biro ne.

Kawu, ko wani ne ya ari sunanka? Ko hannunka ne ya goce? Ni ma nakan danna abin da ban yi niyya ba.

Ban gaya wa Kaka ba. Kullum bayan ta ci abinci sai ta ce, "Ɗauko mini mutumina." Sai in ɗauki wayar Umma, in riƙe ta kusa da fuskata, in karanta da ka. Wayar ma ba a kunne take ba. Idonta ba ya kaiwa.

Don Allah ka amsa da wuri.

'Yarka,
Kurciya


Kurciya,

Wa alaikumus salam. Ina lafiya. Takardunki biyu tare suka iso hannuna, mai gadi ya ajiye ta farkon a aljihu ya manta. Direba yana tsaye a kaina, injinan ma suna jira, don haka a gajarce.

Ni ne na cire. Ban san ke ce ba sai da na ga kwatancen gidanmu. Kada ki ƙara sa kwatancen gida a intanet. Baba ba shi da wuri a shafin nan, kuma Kakarki ba hujja ba ce. Kada ki mayar, idan kika yi ta mayarwa za a rufe miki suna. Zan yi miki bayani idan na samu sarari.

Ki gaida Ummanki. Ki gaida Inna, wato Kakar taki mai son aiko mini da taswira.

Kawunki


Zuwa ga Kawu,

Assalamu alaikum. Muna lafiya. Kumburin ya saɓe.

Na karanta takardarka a bayan shago, inda Umma ke zuba ƙyallaye. Na karanta har ta yi laushi. Ka ce Baba ba shi da wuri. Ka ce Kaka ba hujja ba ce. Ni ban yi karatu mai nisa ba, daga firamare na tsaya, amma na san abin da ake nufi idan aka ce maganar mutum ba hujja ba ce. Matar da ta yi shekaru tana sauraron fito daga tagar kicin, ita ce ba ta sani ba, sai wani littafi da ko matakalar bai taɓa hawa ba?

A shafin akwai sunan kamfanin da ya kawo ƙarfen rufi. Akwai nauyin ƙararrawa. Ƙarfe yana da wuri, mahaifinka ba shi da shi.

Ban mayar ba, tunda ka hana. Amma abin ya fara fin ƙarfina. Kaka ta gaya wa duk layin. Mai kantin kusurwa ya duba a wayarsa bai gani ba, ya tare ni ya ce, "'Yar tela, ina kakan naki ya shiga?" Na ce wataƙila sabis ɗin waya ne. Ya dube ni, ya ce, "To, sabis ne," ya ba ni alewa kamar ƙaramar yarinya.

Yanzu kuma Kaka ta ce idan gwiwarta ta ƙara sauƙi sai na kai ta ɗakin karatu, ta gan shi a babban gilashin kwamfuta, don wai na waya ya yi mata ƙanƙanta. Har ta sa Umma ta goge mata zanen da take ajiyewa a ƙasan akwati. Kowace safiya takan miƙe ƙafar ta ce, "Saura kaɗan." Ni kuwa ina gasa mata ina addu'ar ta warke, can cikin zuciyata kuma wani abu yana cewa kada ta yi sauri. Ban taɓa jin kunyar kaina irin haka ba.

Na yi mafarki ina hawa hasumiyar. Matakalar ba ta ƙarewa, kowane mataki an rubuta masa "ana buƙatar hujja". Ina jin fito a sama, ina ta sauri, da na kai sai na tarar da ɗaki fayau, an share shi tas.

Ba sai ka yi mini bayani ba. Na daina zuwa ɗakin karatu. Wannan ma ina jin ita ce ta ƙarshe, kada in riƙa cika maka aljihun mai gadi.

Kurciya


Kurciyata,

Assalamu alaikum. Ina lafiya, sai mura da ta kwantar da ni kwanaki. Ina fatan gwiwar Inna ta ci gaba da sauƙi, bayan Ummanki kuma ya saki.

Direba ya zo ya koma, ya sake zuwa ya koma, ba takardarki. Na san na jawo. Aikina a maɗaba'a shi ne in rage magana, ga shi na rage wadda bai kamata ba. Bari in mayar da abin da na yanke.

Ban ce Inna ta yi ƙarya ba. Ni kaina na sha bin Baba sama, na san ƙamshin man da yake ɗiga wa haƙoran agogon. Amma ni ma ba hujja ba ne a can. Kundin ba ya tambayar wa ya gani. Yana tambayar ina aka buga, inda wanda bai san mu ba zai je ya duba da kansa. Kwanan baya wani ya rubuta a shafin wani kogi wai kakansa ya haye shi da saniya a kafaɗa, ya sa hujja: kowa ya sani. Na cire. Idan na bar "in ji Kaka" taki, dole in bar ta kowa, kuma kowa yana da kaka. Idan na bar naki don Baba ne, to ranar nan ya kamata in ajiye biron.

Maganarki kashi biyu ce. Cewa agogon ya ci gaba da tafiya bayan jirgi, wannan batun shafin ne, hujja kawai ya rasa. Ranakun hutuna na je inda ake ajiye tsofaffin jaridu, na yi ta buɗawa har yatsuna suka yi baƙi. Ban samu ba. Ba wanda ya ga abin rubutawa a mutumin da ke hawa matakala da safe. Amma da na duba sai na ga su ma masu cewa ya tsaya a shekarar ba su kawo hujja ba, don haka na manna wa tasu maganar irin alamar da aka manna wa taki. Idan ba su kawo ba, ita ma za ta fita.

Shayi da fito kuwa, ko da an buga su a littafi goma, shafin na tasha ne, ba na kicin ɗinmu ba. Abin da nake nufi ke nan da na ce Baba ba shi da wuri a shafin. Ba a zuciyata ba.

Kuma ban zubar da rubutunki ba. A bayan kowane shafi akwai shafin tattaunawa, inda masu gyara ke magana da juna. Na kai shi can, ban da kwatancen gida, na roƙi duk mai wata jarida ko littafi ya taimaka. Wata mai gyara da ke kiran kanta Tsintsiya, wadda ta fi ni tsanani, ta rubuta a ƙasa: "Ba zai shiga ba. Amma wanda ya rubuta wannan ya iya rubutu, kada a kore shi." Ki je ki gani da idonki. Na karanta sakin layin naki sau da yawa kafin in cire. Ba kuskuren rubutu ko ɗaya.

Ga abu guda da ba ya neman littafi. Shafin ba shi da hoto. Hoton da mutum ya ɗauka da hannunsa ana karɓa. Ke ce kike ganin hasumiyar kullum, ni sai dai in rufe ido.

Maganar Inna kuma, idan ta yi miki nauyi, ki bari in kira in gaya mata da bakina. Ni na cire, ni ya kamata in sha faɗan.

Kawunki


Zuwa ga Kawu,

Wa alaikumus salam. Sannu da mura, Allah ya ƙara sauƙi. Mu lafiya. Gwiwar Kaka ta warke har tana zuwa bakin ƙofa ta yi wa masu wucewa faɗa.

Ba sai ka kira ba. Na gaya mata.

Ranar ta ce, "Ɗauko mini mutumina," na ɗauki wayar, na buɗe baki, sai na kasa. Na ajiye. Na ce, "Kaka, an cire shi tuntuni. Da ka nake karanta miki." Na sunkuyar da kai ina jiran kuka.

Ta ce, "Ai na sani. Wayar da ake karatu a cikinta tana haska fuskar mutum. Taki fuskar duhu ce kullum. Makanta na fara, ba wauta ba."

Na ce to me ya sa ba ta faɗa ba. Ta ce, "Ke da ba ki haɗa kalma biyar a yini, ga shi kina yi mini karatu kullum. In hana?"

Sai ta tambayi wanda ya cire. Na ce kai ne, na yi mata bayanin hujja yadda na gane. Ta yi dariya har da tari. Ta ce, "Halin ubansa. Shi ma idan agogo ya yi gaba da minti ɗaya ba ya iya cin abinci." Sannan ta ce, "Amma tun farko ina so in tambaye ki, wa ya ce miki yana son tattabaru? Kullum da zaginsu yake saukowa, sun ɓata masa hula."

Na ce, "Ke kika faɗa, Kaka."

Ta ce, "Ranar kewarsa nake ji. Ki zo ranar da nake jin haushinsa ki ji wani labarin."

Kawu, na ji kamar ƙasa ta ɗan matsa. Da yanzu mutumin bayan teku yana can ya yarda da tattabarun nan. Na ce to fiton fa? Ta daina dariya. Ta ce, "Wannan ko a gaban alƙali."

Na koma ɗakin karatu. Na ga abin da Tsintsiya ta rubuta. Malama ta ce me ya sa nake rufe fuska da mayafi, na ce fanka ce.

Malamar ta ara mini wayarta in ɗauki hoton, don ta fi ta Umma ido. Da safe na tafi tasha, Kaka ta ce ai zanen nan ba za a goge shi a banza ba, ta ɗaura ta biyo ni. Muka tafi a hankali, tana dafa kafaɗata. Ciyawa ta cinye layin dogo. Rana ta fito ta bayan rufin, hasumiyar ta yi kamar an jiƙa ta da zuma. Hannayen agogon suna nan a tsaye, wata tattabara ta zauna a kan dogon, tana kallonmu kamar ita ce mai tashar.

Na ja da baya don in samu hasumiyar duka. Kafin in ɗaga wayar, Kaka ta je ta zauna a kan dutsen bakin ƙofar matakala. Na ce ta ɗan matsa, hoton na tasha ne. Ta ce, "Nan nake zama in jira shi idan ruwan shayin ya huce. Ki ɗauka ko ki bari." Na roƙe ta, ta juya kai. Sai na ɗauka haka.

Malama ta taya ni ɗorawa. A ƙarƙashinsa na rubuta: Hasumiyar agogon tsohuwar tasha da safe. Ban ƙara komai ba, ko kalma ɗaya, duk da yatsuna sun so.

Na san tsohuwar da ke ƙasan hoton ba batun shafin ba ce. Malama ta ce ana iya yanke gefen hoto. Idan ka yanke ba zan yi fushi ba, yanzu na gane. Ita ma ta ce in gaya maka ka yanke idan ka isa.

'Yarka,
Kurciya


Kurciyata,

Wa alaikumus salam. Mura ta tafi. Na ji daɗin labarin gwiwa.

Hoton yana saman shafin, da sunanki a ƙarƙashinsa. Tsintsiya ta riga ni gani. Ta rubuta a shafin tattaunawa cewa hoton ya yi kyau, amma a yanke matar da ke ƙasa, ba ta da alaƙa da batun. Na amsa mata cewa idan babu mutum a gindin gini, mai kallo ba zai gane tsayinsa ba, matar ita ce ma'auni. Ta yi kwana biyu, sannan ta rubuta, "Gaskiya ne. A bar ta." Ba alfarma aka yi mana ba, ƙa'ida ce. Ki gaya wa Inna an ɗauke ta aikin awo.

Na buɗe hoton a babbar kwamfutar wurin aiki, na ƙara girmansa har hasumiyar ta fita daga gilashin, saura ita kaɗai. A waya muryarta ba ta canja ba, shi ya sa ban sani ba. Kurciya, yaushe ta ranƙwafa haka? Dutsen nan da take zaune a kai, a da ƙafafunta suna kaiwa ƙasa.

Na nemi hutu, an ba ni. Direba ya ce akwai wuri a gaban mota a zuwansa na gaba. Ba na buƙatar taswira. Ki ce mata ta bar tagar kicin a buɗe. Idan na sauka a bakin tasha zan yi fito, ta ɗora ruwan.

Kawunki